Ki Nuna Wa Maƙera

Makarfi, 2 ga Oktoba, 1962

Zuwa ga Haliru, ɗan Inna Kulu, a Ikko.

"Wata ɗaya tak, Yaya Rahmatu. In zana shi a takarda da awon inci, in sa a buga guda hamsin, in dawo muku da ma'aunin tun rake bai kai ƙugu ba." Maganarka ke nan, a zauren gidanmu, kashegarin Babbar Salla, bakinka cike da soyayyen nama. Yau rake ya wuce kan mahayin doki. Da gangan na sa maganarka gaba da gaisuwa, don ka fara cin karo da kanka kafin ka ci karo da ni.

To, yanzu ga gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya zaman baƙunta? Mu dai muna nan lafiya, sai godiya. Makon jiya na je Ikara na dubo Inna Kulu. Ƙafar ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta yi wa kaji faɗa. Ta ce in tambaye ka ko a Ikko ba a sayar da tawada. Maigida yana gaishe ka. Jikinsa garau, idon ne ke ƙara ja da baya. Yanzu in ka tsaya a ƙofar maƙera, sai ka yi magana yake gane ka.

Tunda ka daɗe cikin manyan injuna, bari in tuna maka da ƙaramin abin da ka ɗauka. Injin matsa rake, in kara mai tauri ya cije a bakinsa, doki kuma ya ci gaba da ja, haƙoran injin ne ke karyewa. Haƙori kuwa sai an aiko daga ƙetare, mai inji ya yi wata uku yana kallon rakensa na bushewa. Maigida ya ƙera ƙusa mai taushi ya sa a wuyan injin, daidai inda ƙarfin doki ke shiga, don in abu ya cije ita ta karye, haƙora su tsira. Shi ya sa muke ce mata fansa. Kaurinta shi ne duk maganar. In ta yi kauri ta kashe inji, in ta yi siriri ta riƙa karyewa kafin a cika kasko ɗaya. Shekara shida ya yi yana gwaji kafin ya sami daidai, ya yanka wannan kauri a jikin ɗan ƙarfen nan mai tsaga, wato ma'aunin da ke hannunka. Da can da ido yake aiki. Yanzu da yatsa yake yi: ya goga da magagari, ya zura a tsagar, ya ji. Da ka ɗauke ma'aunin, idon da ya rage masa ka ɗauke.

Kullum da hantsi sai ya sa a hura wuta, ya zauna gaban uwar maƙera ya gyara lauje biyu ko uku, ya ce a kashe. Bai taɓa ambatar sunanka da mugun abu ba. Ni ce mai yi, kuma ina yi da kyau. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, ina da izinin zaginka har bakin teku.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Saura wata guda a fara sara. Masu inji tun daga Gubuchi har Furana suna aiko da tambayar fansa, hannu ɗaya kuwa ba zai iya ba ko da yana gani. Dalilin zanen ke nan tun farko, a raba wa maƙeran ƙasar nan, kowa ya ƙera wa garinsu. Tukur maƙerin Kudan ya zo sau biyu, mutumin da ya yi shekara ashirin bai taka zaurenmu ba saboda gasa. In zanen ba zai iso ba, zan tara su mu nuna musu da hannu, da ɗan abin da ya rage mana. Amma da kai aka ƙulla shawarar, ba zan kwance ba ka sani ba. Ka ba ni amsa, ko ta waya ce.

Jiya 'yan makaranta sun yi maci na cika shekara biyu da mulkin kai. Na ce ikon Allah, ƙasa guda an mayar wa masu ita, ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa ya gagara.

Yayarka,
Rahmatu

*

Waya daga Ikko, 11 ga Oktoba

RAHMATU GIDAN YAU MAKERI MAKARFI. KI NUNA WA MAKERA. WASIKA NA TAFE. HALIRU.

*

Makarfi, 24 ga Oktoba, 1962

Ƙanena Haliru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Inna Kulu ta aiko da kuka da daddawa a kai maka, na ce sai an sami mai tafiya wanda hancinsa ya mutu. Na janye rabin zagin da na yi maka. Rabin na ajiye, ba a san gobe ba.

Wayarka ta iso, ta cinye ƙugiyoyin haruffa duka a hanya. Maƙera sun zama makera, sunan Maigida, Ya'u, ya koma "yau", shi kuwa mutumin jiya ne. Amma na gane saƙon, kuma na yi yadda ka ce.

Na aika ranar kasuwa, kashegari suka hallara su goma sha ɗaya, daga Kudan da Ikara da Malikanchi da Furana da Gubuchi. Aka shimfiɗa tabarmi a maƙera, ni na zauna bakin ƙofar da ke shiga cikin gida da takarda a cinya. Gambo mai inji na Gubuchi ya ciro fansar injinsa ya kawo, da ita muka yi samfur tunda ba ma'auni.

Da ka ga yayanka Maigida ranar. Ya sa babbar riga, sannan ya tuɓe ta don zafi, ya sa ƙarfe a wuta ya ce, "Wa ke kusa? Ya ara mini ido."

Tukur ya matso ya ce, "Ta yi launin hanta."

"Bari ta kai gauta."

Da ta kai, ya buge ta ya daidaita, ya mayar a wuta ta sake ja. Mamuda maƙerin Furana har ya jawo kwatarniyar ruwa da ƙafa, don kowa ya san inda jan ƙarfe ke zuwa. Maigida ya ji ƙarar kwatarniya ya ce, "Mai da ruwanka, Mamuda. Toka za ta shiga." Ya binne ta cikin toka mai zafi, ya ce a bar ta ta huce da kanta har la'asar.

Can Tukur ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Shekara uku ina aiko mutum yana saya mini fansarka. In auna ta da zare, in ƙera irinta sak, tawa ta riƙa kashe haƙora. Ashe toka ce."

Maigida ya ce, "Na sani. Wanda kake aikowa surukin ƙanwata ne. A nan yake cin tuwo kafin ya koma ya ce maka ba a gane shi ba."

Aka yi dariya har mai zuga ya saki zugazugi. Da ta lafa, Tukur ya juyo wajena ya ce, "To, uwargida, me kuke nema? Ba a nuna wa kura ƙofar garke don Allah."

Na ce abu biyu. Duk fansar da ta karye a dawo da ita gidan nan, a ɗaure guntayen da zare, a faɗa mini injin wa, wane irin rake, kwana nawa ta yi. Na biyu, duk wanda ya gano wani abu ya kawo nan, daga nan kuma a faɗa wa kowa.

Ya ce, "Gawa kuke so ke nan?"

Na ce gawa ce ke faɗin abin da ya kashe ta. Suka yarda, aka shafa Fatiha.

Tun ranar Maigida ke cin malmala biyu. Ya ce in rubuta maka da bakinsa: "Yaron nan ya yi hankali, Allah ya yi masa albarka." Na rubuta, ka ajiye, ba kullum yake yabon mutum ba.

Sai dai har yanzu muna kan bakanmu game da ma'auni. Fansar Gambo ta sha aiki, ta ɗan goge, kuma kowa da zarensa ya auna. Kwafin kwafi ba ya zama daidai, ka san yadda littafi ke lalacewa a hannun marubuci na uku. Wasiƙar da ka ce tana tafe har yau ba ta iso ba. Wataƙila a ƙasa take tahowa.

Rahmatu

*

Ikko, 12 ga Oktoba, 1962

Zuwa ga Yayata Rahmatu, da girmamawa.

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ina gajiya, yaya jikin Malam Ya'u da idon? Allah ya ƙara sauƙi. Na gode da duba Inna da kika yi. Ni zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu cikin watan jiya, sauron garin nan ba ya jin Hausa, amma na warware.

Zaginki ya iso lafiya, ba abin da ya fashe a hanya. Na cancanta. Jiya na buga miki waya don kada ki riga ni, yanzu ga bayanin.

Zanen na gama shi tun makon farko. Ina cikin duba shi a teburina sai manajan kamfaninmu ya tsaya a kaina. Kin san mu ke shigo da injunan nan, kuma ƙarar karyewar haƙora ta ishe shi. Ya karɓi ma'aunin, ya sa aka gwada fansar a wajen gyara, ya dawo yana tambayata wane injiniya ne ya yi. Na ce maƙeri ne a Makarfi wanda bai taɓa ganin inci ba. Yaya, da kin ga fuskarsa.

Ya kira lauya. Akwai abin da ake kira rajista. Takarda ce ta hukuma da ke cewa wannan dabara ta wane ce, ba mai ƙera ta sai da izininsa har shekaru masu yawa. Za a sa sunan Malam Ya'u tare da na kamfani, su riƙa yin fansar dubbai suna haɗawa da kowane inji. Malam ba zai ƙara zama gaban wuta ba, kuma manaja ya ce za a kai shi wajen likitan ido. Sharaɗi ɗaya ne, dole dabarar ta kasance ba a taɓa nuna ta a bainar jama'a ba. Shi ya sa na ce miki a waya ki ƙi nuna wa maƙera. Ki ƙi, Yaya, ko da Tukur zai kwana a zaure.

Na san abin da muka ƙulla, amma ki duba. Me ke kawo mutane ƙofarku su wuce ta Kudan? Abin da kuka sani wanda wasu ba su sani ba. Ranar da kowa ya sani, Tukur na da ido biyu lafiyayyu da 'ya'ya huɗu masu ƙarfi, ku kuna da me? A nan na ga yadda manya ke yi. Abin da ke ba su gaba, a akwatin ƙarfe yake kwana.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma da rabona. Manaja ya ce in abin ya tabbata zai tura ni Ingila koyon aiki na shekara biyu. Na yi shiru ne duk watannin nan don ina so in zo muku da magana kammalalliya. Ki yi mini haƙuri kaɗan.

Ƙanenki,
Haliru

*

Ikko, 1 ga Nuwamba, 1962

Yaya Rahmatu,

Gaisuwa da fatan kowa lafiya. Wasiƙarki ta ashirin da huɗu ta same ni jiya. Sau uku na karanta ta a tsaye. Albarkar da Malam ya sa mini ta fi zaginki ciwo.

Na binciko kwafin takardar da na cika ranar da na buga wayar. Da manyan baƙaƙe ake cikawa, kuma injin waya ba shi da ƙugiya. Abin da na rubuta shi ne KI KI NUNA WA MAKERA. Wani akawu a hanya, Allah kaɗai ya san a wane gari, ya ga "ki" biyu a jere, ya ɗauka hannuna ne ya yi i'ina, ya tausaya mini ya share ɗaya.

Abin bai ɓaci duka ba. Ban gaya wa manaja ba tukuna. Ki sake tara su, ki sa su rantse ba za su ƙera ba, ba za su faɗa wa kowa ba. Ga takarda na haɗo da Turanci, fassararta na baya. Cewa take ba wanda ya taɓa ganin yadda ake yin fansar in ba mutanen gida ba. Malam ya dangwala yatsa inda na yi alama. Mutum goma sha ɗaya a ƙauye, wa zai sani a Ikko?

Ma'aunin yana cikin aljihun teburin manaja a kulle. Ya ce ranar da takarda ta iso zai fito da shi. Don Allah, Yaya, ki dubi idon Malam, ki dube ni.

Haliru

*

Makarfi, 21 ga Nuwamba, 1962

Haliru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna Kulu lafiya. Na ji ka yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi, ka riƙa shiga gidan sauro kamar mai hankali. Gaisuwa ta ƙare.

Wasiƙunka biyu sun zo, ta farko bayan an riga an shafa Fatiha. Ta biyu na binne ta a toka kwana goma sha biyu kamar fansa, don kada in amsa da zafi in karya haƙori. Ka gode wa toka.

Da ajami ka rubuto, da ba a yi haka ba, kaf daban ƙaf daban, ko makaho ya shafa zai ji. Kuma Bahaushe yana da kalmar "kada", tun kafin a haifi gidan waya. Ko da yake da ka yi amfani da ita, wataƙila wani akawun ya ɗauka ta kogi kake nufi, ya aiko mini da ita a kwando. Akawun nan da ya share maka harafi, in ka same shi ka gaishe shi. A cikinku biyu shi ya fi sanin alkawarin da ka yi.

Na karanta wa Maigida takardarka, fassarar da ke baya, kalma kalma. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ɗaga babban yatsansa ya ce, "Da wannan nake gani yanzu. Ba zan dangwala shi a ƙarya ba." Na ce to likitan ido fa? Ya ce idon da za a buɗe da shaidar zur, me zai kalla da shi in ya haɗu da Mamuda a kasuwa? Takardar tana nan, na naɗe barkono da ita.

Yanzu in ba ka gaskiyarka, don ban saba cin haƙƙin abokin gardama ba. An fara sara. Masu injin Kudan duk sun koma wajen Tukur, ko ɗaya ba ya zuwa nan sayen fansa. Ka faɗa, kuma ya faru. Akwai wanda ya fi wannan muni. Mamuda ya ƙera wata ta yi kauri, ta ƙi karyewa, haƙora biyu suka tafi a injin wani bawan Allah a Furana, rakensa na nan jibge. Mutumin ya zo har zaure ya faɗa mana maganar da ba zan rubuta ba. Na ba shi haƙuri, a raina kuwa ina kallon aljihun tebur a Ikko. Da ma'aunin na nan, da ba a auna da zare ba.

Ga kuma abin da ba ka faɗa ba, don ba a ganinsa daga teburin manaja. Kwandona yanzu gawa goma sha tara, kowace da zarenta da labarinta. Na jera su a tabarma na duba takardata, sai na ga sha huɗu a cikinsu baƙin rake ne na cikin fadama ya kashe su, kuma kusan duka da doki na farko, wanda bai gaji ba. Ba maƙerin da zai ga wannan shi kaɗai, kowa gawa ɗaya ko biyu yake da ita. Gambo ya ji haka ya fara tsaga baƙin rake biyu kafin ya sa a inji, kwana tara fansarsa ba ta karye ba.

Shekaranjiya kuma Tukur ya zo da kansa, da wani abu a aljihu yana ta juya shi kamar mai neman aure. Ya ce, "Uwargida, da ina da wayo da ban zo ba." Na ce ai da ganinka ba ka da shi, fito da shi. Ya yi wa fansar ɗan zobe ne da magagari a wuya, sai ta riƙa karyewa a wuri ɗaya cif, guntun ya fita da bugu ɗaya. A da sai an kwance wuyan inji, rabin yini ya tafi. Maigida ya shafa zoben da yatsa, ya shafa, ya ce, "Shekara shida wannan bai zo mini ba." Tukur ya ce, "Shekara uku toka ba ta zo mini ba. Mun yi kunnen doki."

Ka tambaye ni mu muna da me. Tukur na da fansar yau. Ta gobe a kwandona take, kuma shi ma ya san haka, shi ya sa ya zo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya hana aron littafi. Almajiransa suna ƙorafi, shi kuwa sai ya buɗe musu wanda ya yi yawo hannun malamai bakwai, gefensa cike da sharhi, kowa ya ƙara abin da ya sani. Sannan ya buɗe wanda ya kulle a gafaka don tsananin so, gara ce kaɗai ta karanta shi.

Abin da manajanka ya kulle fansar bara ce. Ba zobe, ba labarin baƙin rake. In yana so, ga tabarma, ya aiko da gawarsa kamar kowa a faɗa masa abin da aka faɗa wa kowa. Ma'aunin dai na Maigida ne, aro ka ɗauka.

Rahmatu

*

Ikko, 28 ga Nuwamba, 1962

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafarar Malam Ya'u. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Lafiyata ƙalau, gidan sauro na saya.

Na gaya wa manaja gaskiya. Maganar Ingila ya ce za a duba, na kuma san ma'anar wannan a kowane harshe. Na faɗa masa zancen tabarma, ya yi dariya. Na roƙi ma'aunin, ya ce lauya bai gama da shi ba. Lauyan cewa ya yi taron ƙauye da ba a rubuta ba kamar bai faru ba ne. Suna shawarar su ɗan canza kan ƙusar su yi rajista da sunan kamfani kaɗai. In suka yi, ranar da suka ga dama za su iya hana Tukur da Mamuda, har da Malam kansa.

Na tambayi lauyan, kamar mai neman ilimi, me ke kashe rajista. Ya ce a buga dabarar a takarda, da kwanan wata, kowa ya gani, kafin a shigar da ita.

Ga kwafi ɗaya na zanen, wanda na yi muku alkawarin hamsin. Da hannuna na yi, kowace ƙugiya na danna ta sau biyu. Ban ce ki yi komai da shi ba. Ma'auni kuwa, in na matsa aikin nan zai iya tafiya, kuma kin san da shi nake riƙe Inna. Ki ba ni zuwa bayan sabuwar shekara.

Ƙanenki marar wayo,
Haliru

*

Makarfi, 5 ga Disamba, 1962

Haliru, ɗan Inna Kulu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya ƙarfin jiki? Mu lafiya lau. Garin duk ƙanshin mazarƙwaila, na ajiye maka guda uku daga kaskon farko na Gambo. Maigida ya ce ba abin da ka yi masa, in ma akwai ya yafe. Ni ban kai nan ba tukuna, amma na kama hanya.

Zanen ya iso, kuma ya yi kyau, ban san hannunka ya kai haka ba. Na miƙa wa yayanka, ya shafa takardar daga sama har ƙasa, ya ce, "Sumul take." Ka gane? Inci na masu ido ne.

Na karanta abin da ka ce ba ka ce ba. Wannan karon ba harafin da ya faɗi. Tukur ya zauna da ni mun ƙara zobe a gefen zanen, na rubuta zancen toka da na baƙin rake a ƙasa, da sunayen mutum goma sha ɗaya da garuruwansu, da ranar da suka zauna a tabarma. Mamuda ya ce a rubuta har da haƙoran da ya karya, don wani ya kiyaye. A ƙarshe na sa: wanda ya zana, Haliru na Ikara. In kana jin tsoro ka faɗa in goge, amma ina ba ka shawara ka bar shi, shi ne abu mafi kyau da ka yi bana.

Bayan sabuwar shekara ba zai yiwu ba. Lokacin rabin rake ya shiga kasko, kuma Maigida ya gyara duk laujen da ke ƙasar Zazzau. Jiya na same shi yana zura wata fansa tsakanin yatsunsa biyu, yana neman tsagar da ba ta nan. Da ya ji motsina sai ya yi kamar yana karkaɗe toka.

Zancen aiki kuma, na je Ikara na faɗa wa Inna Kulu komai, ban rage ba. Ta ce in gaya maka ta ci tuwo shekara hamsin kafin a san da kamfani. In sun kore ka, akwai maƙera goma sha ɗaya da ba su da mai zane, da tsoho ɗaya da ke neman aron ido. Ba Ingila ba ce, amma ba sanyi.

Ga wa'adi. Ranar Laraba, sha tara ga watan nan, ranar kasuwa. Kashegarinta zan shiga motar Zariya in kai zanen gidan jarida a buga, ko ka kawo ma'auni ko ba ka kawo ba. Mako biyun nan na ba ka ne don manaja ya ji daga bakinka kafin wani ya fassara masa, ya kuma san ƙarfen da ke teburinsa ba shi da sauran amfani sai ga mutum ɗaya. In ma'aunin ya shiga hannun Maigida kafin a tashi kasuwa, daga Zariya gida zan dawo. In bai shiga ba, daga gidan jarida tashar jirgi zan wuce, da kwandon gawa a kaina. Zan shimfiɗa tabarma a ƙofar ofishinku in jera su, yanzu sun kai talatin da ɗaya, in riƙa ba duk mai wucewa labarin kowace, kai kana fassara.

Kada ka bugo waya. Kuma kada ka ce wani akawu ya ci maka harafi. Allah ya taimake ka kai namiji ne, "ka" ba ta da 'yar'uwa mai ƙugiya da za a rikita su.

Ka kawo ma'aunin.

Yayarka,
Rahmatu